Tuɓe Aka Ce, Tuba Ya Ji

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya saukar da ciwo ya saukar da magani. Labarin jinyar maigidana zan bayar, Agali, Allah ya jiƙansa. Yana raye ban taɓa kama sunan nan a bakina ba, amma ya tafi, ni ma na tsufa, kunyar ta ragu. Ina bayarwa ne don wanda haƙori ya fara damunsa kada ya ce ai haƙori ne kawai, don kuma wanda zai kai nasa gidan likita ya shiga tare da shi har ciki, ya buɗe kunne da kyau. Ni da na tsaya a waje, saura ƙiris in shiga takaba.

A ƙarshen mulkin Nasara ne. Arlit ɗin nan da kuke gani da kasuwa da fitilu, lokacin ko bukka babu, fili ne da baƙin dutse. Wasu Nasara suka zo neman dutse, suna rataye da wani akwati a wuya, in suka kai shi kusa da irin dutsen da suke so sai ya kama kuka kamar gyare. Agali ne jagoransu. Ba'abzine ne, ya san ƙasar nan kamar tafin hannunsa, in ya dubi sawun raƙumi sai ya gaya maka na wane ne, da kaya ko babu kaya. Ni kuwa 'yar Adar ce, tuwon leburori nake yi a sansanin. Hausarsa irin ta mutanen Abzin ce, har muka rabu “kai” yake ce mini, na yi gyara na gaji na bari.

Satin farko na ciwon ban gane komai ba. Kun san mazan Abzin da rawani, amawali a kan baki dare da rana, abinci ma ta ƙarƙashinsa ake turawa. Na dai lura ya daina cin dabino, shayi ma sai ya karkata kai gefe guda yake kurɓa. Na tambaye shi, ya ce haƙorin ƙasa ne na can ƙurya, ba komai. Namiji ke nan! Da ya faɗa tun lokacin, da maƙeri ma ya cire masa mun huta.

Sati na biyu rawanin ya fara tudu ta gefen dama. Zazzaɓi ya zo. Nan fa kowa a sansani ya zama likita. Wannan ya ce kanumfari, wancan ya ce taba da kanwa a danna a ramin haƙorin. Kukun Nasara ya ba shi farar ƙwaya, ta kwantar da ciwon daga hantsi zuwa azahar, ya dawo kamar da gayya. Wani direba har cewa ya yi a ɗiga ruwan batirin mota, wai yana kashe tsutsar haƙori. Na ce masa ya fara ɗiga wa kansa mu gani. Maƙeri ya yi masa sakiya a bayan kunne, ya sha rubutu, ya sha hayaƙi. Allah ya saka musu, don kowa da kyakkyawar niyya ya zo, amma kumburin bai san ana yi ba.

Ana shiga sati na uku bakin ya ƙi buɗuwa. Ko ɗan yatsa ba ya shiga tsakanin haƙoransa. Kunu nake tsinkawa ya zama ruwa-ruwa, in ɗura masa da bakin ludayi ta gefe. Wari ya fara fitowa, shi kuwa mutum ne mai tsabta, sai ya riƙa juya mini baya. Na ce wallahi ba zan zauna ina kallo ba. Na je na tsaya a gaban tantin babban Nasaran, ba na jin nasa ba ya jin nawa, na yi ta nuna kumatuna ina kumbura baki har ya gane, ya sa aka ɗauke mu a kamiyo, babbar motar da ke zuwa Agadas ɗauko kaya. Wannan alherin ban manta masa ba.

A Agadas muka sauka gidan Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifina. 'Yan kunnena na azurfa suka tafi a kan madara da itace da ɗan abin da ake miƙa wa mai gadin ƙofar likita. Layin kuwa, Allah ya raba ku da shi. Sai an gama da sojoji, an gama da ma'aikatan kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, da matansu, sannan a waiwayi talaka, in rana ta yi tsaka a ce a dawo gobe. Mun yi ta dawowa gobe har na gaji da ƙirga. Ranar da aka kira shi na tashi zan bi shi, mai gadi ya tare ni da sanda, ya ce ɗakin maza ne. Na koma gindin bango na zauna.

Abin da ya faru a ciki sai daga baya na ji, amma bari in faɗa muku yanzu don ku fi ni sani. Likitan Nasara ne, sai babban ma'aikacin jinya da muke kira majo, mutumin Damagaram, shi ke fassara. Likita ya dubi tudun da ke ƙarƙashin rawani, ya yi maganarsa da Faransanci. Majo ya juyo ya ce, “Likita ya ce sai ka tuɓe. In ba ka tuɓe ba babu abin da zai iya yi maka, kuma abin nan in ya sauka maƙogwaro kashe ka zai yi.” Rawani yake nufi, a cire a ga kumburi. To amma harshen Abzinawa ba ya kama irin wannan harafin namu, a kunnensu tuɓe da tuba 'yan gida ɗaya ne. Ga zazzaɓi, ga kuma abin da ya daɗe yana cin sa a zuci. Agali “sai ka tuba” ya ji.

Ya fito yana dafa bango, ya ce ta cikin haƙora, “Tashi mu tafi.”

Na ce, “An ba ka magani?”

Ya ce, “An faɗa mini maganin.”

Sai da muka isa gidan Gwaggo ya zauna ya ba ni labarin, kalma ɗaya a huta, kalma ɗaya a huta. Akwai Amumun, wanda suka sha nono ɗaya da shi, makiyayi ne wajen Gugaram. Yana da wata 'yar rijiya a cikin ƙorama, ɓoyayyiya, daga shi sai danginsa suka san ta. A bazarar bara injin haƙar Nasara ya rasa ruwa, suka matsa wa Agali, shi kuma ya kai su can. Motoci suka yi ta cika gangunan ƙarfe har rijiyar ta koma laka. Awakin Amumun suka zube a hanyar neman wata rijiyar, har da na tsohuwarsa. Na tuna ranar da Amumun ya zo sansani, ina daka ina kallonsu daga nesa. Ashe tambayarsa ya zo yi, ashe Agali ya rantse masa da Allah cewa ba shi ya nuna hanya ba.

Ya ce, “Bakin nan ne ya rantse. Shi ne Allah ya rufe. Likita ya gani, ya ce sai na tuba.”

Na ce, “Haba, Malam! Nasaran da ko alwala bai iya ba, shi zai ce ka tuba?”

Ya ce, “Shi ya sa na ji tsoro. Har wanda ba ya salla ya gani.”

Na yi faɗa, na yi kuka, na yi lallashi. Gwaggo ta ce ya yi istigfari a nan inda yake, ai Allah yana ko'ina, ba sai an je Gugaram ba. Ya ce shi bai san yadda ake tuba daga rantsuwa ba, amma ya san wanda aka yi wa ita, kuma ba zai koma gaban likita ba sai ya ga Amumun. Na ruga gidan likitan in tambayi majo, mai gadi ya ce an tashi. Kafin in dawo Agali ya riga ya sami motar arewa. Na so in zauna in ce ya tafi shi kaɗai, amma wa zai ɗura masa kunu? Haushinsa nake ji kamar in shaƙe shi, kuma wallahi a ranar ne na san irin mijin da nake aure. Mutum yana kallon mutuwa, ga likita a bayansa, ya juya ya nufi wanda ya zalunta.

Motar ta ajiye mu a wani ƙauyen masu lambu a gindin dutse, inda shanu ke jan guga. Kumburin ya riga ya gangaro ƙarƙashin haɓa, yawu ma da ƙyar yake haɗiyewa. Mutanen ƙauyen suka kai mu rumfar malaminsu, Malam Sidi, wani siririn tsoho da ya yi karatu a Agadas da ƙasar Hausa. Da ya ga ba na jin Tamajak, harshen Abzinawa, sosai sai ya juya zancen da Hausa saboda ni. Allah ya haskaka kabarinsa, ban taɓa zama gaban mai ilimi mai sauƙin kai irinsa ba.

Agali ya faɗa masa komai, ya ce, “Malam, yaya ake tuba? Ni ban ga ƙofarta ba.”

Malam ya ce, “Kai jagora ne. In ka gane ka saki hanya, me kake yi?”

Ya ce, “In juya in bi sawuna.”

Malam ya ce, “To ka san tuba ke nan. Kalmar Larabci ce muka ara, tauba, kuma asalinta komawa, ba kuka ba, ba ciwo ba. Wanda ya juyo ya tuba. Amma ga abin da yawancin mutane ba su lura da shi ba. Cikin sunayen Allah akwai Attawwabu, daga wannan kalmar dai aka ciro shi. Mu muna fassarawa da Mai karɓar tuba, daidai ne. Sai dai a harshen Larabawa Shi ma juyowa yake yi, ya fuskanci bawansa, kuma ba sau ɗaya ba. Kana tsammanin kai ka fara? Da bai juyo gare ka ba, da ba ka taso daga Agadas ba.”

Hawayen Agali suka jiƙa amawali. Can ya ce, “Ko na koma, abin da na yi yana nan. Kowa zai gani.”

Malam ya ce, “Gafarar da kake roƙo kullum bayan salla, ka san ma'anarta? Rufewa. Kwalkwalin ƙarfen da mayaƙi ke sawa a kai, Larabawa migfar suke ce masa, gidansu ɗaya da gafara. Yana rufe kai, yana kuma tare sara. Allah ya rufe laifin kada a gani, ya tare ka daga sharrinsa. Akwai kuma wadda ta fi ta, afuwa. Ita kuwa a bakin Balarabe aikin iska ne, in ta bi ta kan sawu ta shafe shi.”

Ga mutum na mutuwa, amma da aka taɓo sana'arsa sai da ya yi gardama! Ya girgiza kai ya ce, “Iska ba ta shafe sawu. Ko ta wuce ina ganinsa a ƙasa.”

Malam ya yi dariya har ya dafa gwiwa. Ya ce, “Iskar Abzin ke nan, ɗana. Ni ta Ubangijin iska nake ba ka labari.”

Sannan ya ɗaure fuska. Ya ce rantsuwar tsakaninsa da Allah ce, kuma ƙofar a buɗe take, amma awaki da rijiya haƙƙin Amumun ne, babu malamin da zai yafe a madadinsa. Ya ce ya je. Ya kuma ce, “In ka gama da shi ka koma wa likita. Allah bai ce sai ka mutu zai karɓa ba.” Ya sa aka ba mu aron raƙumi da mai rakiya.

Mun sami Amumun a gindin wata ƙaya yana gyaran salka, da 'yan awakin da suka rage kewaye da shi. Ya gan mu bai tashi ba. Agali ya sauko, da rarrafe ya ƙarasa. Da Tamajak suka yi, amma na tsinci abin da na tsinta, sauran mai rakiya ya fassara mini. Agali ya ce, “Ni na nuna musu. Rantsuwar ƙarya na yi maka.” Amumun ya ce, “Na sani. Na bi sawun motocin, na ga na raƙuminka a gabansu.” Tun bara ya sani, bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Agali ya ce, “Ka yafe mini.”

Amumun ya ajiye salkar. Ya ce, “Ban yafe ba.”

Na ce a raina shi ke nan, a nan zan binne shi, don na san ba zai motsa ba. Sai Amumun ya miƙe ya ɗaura wa raƙuminsa sirdi. Ya ce, “Uwata ta tafi da ƙafa a bayan awakinta tana kallo suna faɗuwa. Ba zan ce na yafe don na ga wuyanka ya kumbura ba, in na faɗa ni ma na yi ƙarya. Kuma ba na magana da gawa. Tashi mu je wurin likitan, ka warke, sannan mu yi maganar kamar maza.” Ya ɗaga shi kamar yaro ya ɗora, ya hau bayansa ya riƙe shi.

Tafiyar komawa ba na son tuna ta. Numfashinsa ya koma kamar ana jan zarto. Kwanciya ta gagara, a zaune yake kwana jingine da ƙirjin Amumun. Da muka fito hanyar mota, Amumun ya tsaya a tsakiyar hanya da takobinsa a rataye har wani kamiyo ya tsaya dole.

Wannan karon da mai gadi ya ɗaga mini sanda na ture ta, na ce in ya isa ya doke ni. Muna shiga majo ya gane shi, ya ce, “Kai! Ba kai ne na ce ka tuɓe, ka tashi ka fice ba? Ina ka shiga har abin ya kai haka?”

Na ce, “Me ka ce masa?”

Ya ce, “Cewa na yi ya tuɓe. Ya cire rawani likita ya duba.”

Na zauna daɓas a ƙasa. Dariya da kuka suka zo mini tare. Na ce, “Majo, Allah ya shirye ka! Da ka ce ya kwance rawani, ko ka nuna da hannu, da duk ba a yi haka ba!” Shi ma ya riƙe baki. Mutumin kirki ne, bai yi musu ba, ya ce laifinsa ne. Daga baya na ji in Ba'abzine ya shigo da hannu yake nuna masa.

Sauran aiki kuma, ɗakin cike da mutane, Agali ko a wannan halin hannunsa na kan amawali. Amumun ya warware bargonsa, ya buɗe hannuwa ya tsaya tsakaninsa da jama'a, ya kau da kansa gefe. A bayan bargon nan na kwance wa mijina rawani. Likita ya duba ya ce “abse”, kalmar da ta zauna mini har yau, wato ruwan mugunya ne ya taru. Ya tsaga ƙarƙashin haɓa. Abin da ya fito ba zan faɗa ba, wataƙila wani na cin abinci. Ya yi faɗa sosai da Faransanci, majo ya ce cewa yake da mun ƙara kwana da ba a kawo mai rai ba. Amumun ya gaji, amma bai sauke bargon ba sai da aka gama ɗauri.

Makonnin da suka biyo baya na allura ne safe da yamma, da wankin rauni, da kunu. Gadon babu katifa, kuɗin cizo kuwa kamar su suka gina ɗakin, abinci sai wanda Gwaggo ta aiko. Akuyata ɗaya da na bari wurinta ita ma ta bi 'yan kunne. Bakin ya riƙa buɗuwa kaɗan-kaɗan, yau bakin ludayi, jibi ɗan yatsa, har aka samu aka cire haƙorin da ya jawo mana wannan duka, wani ɗan ruɓaɓɓen abu da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Haɓarsa ta ɗan karkace har ƙarshen ransa. Amumun yana nan a gindin bangon gidan likita, ya bar dabbobinsa hannun dangi. Kullum zai shigo ya duba shi, ya fita. Maganar yafiya ko sau ɗaya bai tayar ba, shi ma Agali bai sake roƙo ba. Ni ce dai hankalina bai kwanta ba, don na ga jiki na warkewa amma mutumin bai dawo ba. In na kai masa kunu sai ya sha kaɗan ya ture, idonsa na kan ƙofa.

Ranar da aka sallame mu, Amumun ya jira har Agali ya ci tuwo da hannunsa a gidan Gwaggo, ya tauna, ya haɗiye. Sannan ya ce masa ya tashi tsaye. Agali ya tashi. Suka fita ƙofar gida inda raƙumin da dangi suka kawo wa Amumun ke durƙushe da kayansa a ɗaure, na bi su da butar ruwa a hannu ban ma san na ɗauko ta ba.

Amumun ya ce, “Yanzu kana da ƙarfin da za ka ji a'a?”

Agali ya ce, “Ina da shi.”

Ya ce, “Rijiyar tana son a ƙara mata zurfi. Bayan damina za ka zo da hannunka.”

Agali ya ce, “Zan zo.”

Duk wannan da Tamajak suka yi. Sai Amumun ya juyo wajena. Mutumin da tun da muka haɗu bai taɓa yi mini Hausa ba, ashe yana da 'yar kaɗan a ajiye. Ya ce, “Kai, matar Agali. Kai ka sha wahala, kai za ka ji da kunnenka. Na yafe shi. Duniya da lahira, na yafe shi.”

Butar ta suɓuce daga hannuna. Agali ya durƙushe a nan bakin hanya, ya kifa goshinsa a ƙasa, mutane na wucewa da jakunansu suna kallo, shi ko a jikinsa. Da ya ɗago ya juyo ya ce mini, “Akwai sauran tuwon nan?”